Kyanwa marar gashi da ciwon kaurin zuciya: takardar gwajin DNA ta wadatar?

Maman_Hanifa_Malali
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga likitocinmu da masu kiwo. Kwanan nan tallar kyanwa marar gashi, wadda ake kira Sifinkis, ta yi yawa a Instagram da WhatsApp, har da masu cewa suna nan cikin Kaduna. Abin da suke rubutawa a ƙarƙashin hoto kusan iri ɗaya ne: an yi wa uwa da uba gwajin DNA, ba su da ciwon zuciya. Wasu kuma su ce likita ya duba ya ce lafiya lau. Shin wannan ya isa mutum ya saya, ko ma ya haɗa mace da muzuru ya fara kiwo? Kuma wane ciwon zuciya ne wannan da ba a ambaton kyanwar sai an ambace shi?

Likitan_Mando
Wa alaikumus salam Hajiya. Bai isa ba, ko kusa.

Ciwon shi ne wanda ake taƙaitawa da HCM. Zuciya ɗaki huɗu ce, biyu a sama biyu a ƙasa. Ɗakin ƙasa na hagu shi ke tura jini zuwa duk jiki, kuma bangonsa ne yake yin kauri ya yi tauri. Ƙarfin matsawa yana nan, saki ne ya gagara. Kamar salka ce da fatarta ta bushe ta ƙandare, ko an kai ta bakin rijiya ba za ta buɗe ta ɗauki ruwan da ta saba ɗauka ba. Jinin da ya rasa wurin shiga sai ya taru a ɗakin sama na hagu, ɗakin ya buɗe ya yi girma, matsin ya koma baya zuwa huhu.

Daga nan ɗayan uku ne. Ko ruwa ya taru a cikin huhu ko kewayensa, numfashi ya gagara. Ko jinin da ya kwanta a ɗakin sama ya daskare ya zama guda, gudan ya ɓalle ya je ya toshe babbar jijiya daidai inda ta rabu zuwa ƙafafun baya. Ko kuma bugun zuciya ya rikice kyanwa ta faɗi matacciya ba tare da ta taɓa nuna komai ba. Akwai kuma da yawa da suke rayuwa da shi shekaru bai dame su ba, kuma su ne ke wahalar da mai kiwo, domin suna ta haihuwa suna rabawa.

A kyanwowi na gama-gari, kusan 15 cikin 100 suna da shi. A Faransa, a 2012, an duba Sifinkis 114 aka samu 23 da shi, wato ɗaya cikin biyar, kuma yawan yana ƙaruwa da shekaru.

Sadiq_Kawo
Likita to shi gwajin DNA ɗin ƙarya ne ke nan?

Dr_Zee_Samaru
Sadiq, gwajin yana nan, ba ƙarya ba ne. Abin da ake ɗora masa ne ya fi ƙarfinsa.

Tambayar farko ga mai sayarwa: wace ƙwayar gado aka gwada? A 2005 aka gano wani canji a ƙwayar MYBPC3 a kyanwar Maine Coon, a 2007 aka gano wani daban a ƙwayar ɗaya a Ragdoll. Waɗannan biyun ba na Sifinkis ba ne. Kamfanonin gwaji sukan haɗa gwaje-gwaje da yawa a takarda ɗaya, sai ka ga an rubuta babu a gaban MYBPC3, mai kyanwa ya ɗauka an wanke ta. Ai dama ba a sa ran samunsa a jikinta.

Wanda aka danganta da Sifinkis shi ne canji a ƙwayar ALMS1, masu bincike a jami'ar jihar North Carolina ta Amurka suka bayyana shi a 2021. Amma binciken da ya biyo baya, har da wanda aka yi a New Zealand, bai ga alaƙa tsakaninsa da ciwon ba. Ana samun mai ɗauke da canjin zuciyarta ƙalau, ana samun wadda ba ta da shi bangonta ya yi kauri. Saboda haka takardar ALMS1 ba ta wanke kyanwa, ba ta kuma yanke mata hukunci.

Maman_Hanifa_Malali
To batun likita ya duba fa? Na ɗauka idan ya sa abin sauraren ƙirji zai ji.

Likitan_Mando
Ba kullum ba Hajiya. Abin da kunne ke nema shi ne wani sauti fuu-fuu tsakanin bugu da bugu. Kyanwowi da yawa masu HCM ba su da wannan sautin, da yawa kuma masu sautin zuciyarsu lafiya lau, tsoron asibiti ne ya sa jini gudu. Sautin da ya fi tayar da hankali shi ne bugu na uku, kamar sukuwar doki, ko bugun da ke tsallake. Hoton ƙirji na eksire ma ba ya nuna kaurin, don kaurin ciki yake yi, siffar zuciya daga waje ba ta canzawa sai ciwon ya yi nisa. Abu ɗaya ne ke nuna bangon a auna shi: sikanin zuciya, wato eko.

Mai_Kiwo_Barnawa
Likitoci ina girmama ku, amma a riƙa duba inda muke. Asibitin dabbobi nawa ne a Kaduna ke da na'urar eko da wanda ya iya karanta zuciyar kyanwa? Wanda ya sa kuɗinsa ya shigo da mace da muzuru da takardunsu daga waje, ya yi musu rigakafi, yana ciyar da su abinci mai kyau, a ce masa ba shi da haƙƙin haɗa su sai ya yi abin da ba a samu a garinsa? Masu kiwon tumaki da kaji wa ke tambayarsu sikanin? Kuma can ƙasar da aka sayo su ai an riga an duba su kafin su taso.

Dr_Zee_Samaru
Alhaji, maganarka ta ƙarshe ita ce inda ake faɗawa rami. An duba su suna da wata nawa? Yawanci ana shigo da su suna wata huɗu zuwa takwas. Eko a wannan shekarun yana nuna ciwon da aka haifi dabba da shi, kamar lalacewar ƙyauren da ke tsakanin ɗakunan hagu, wanda shi ma ana samu a Sifinkis. Amma HCM daga baya yake fitowa, a shekara biyu, uku, biyar, wani lokaci bayan bakwai. Takardar eko shaida ce ta ranar da aka yi ta kawai. Shi ya sa ake maimaitawa kowace shekara muddin dabba tana haihuwa, kuma masu kiwo na gaskiya sukan ci gaba da duba ta bayan ta huta, don sakamakonta a shekara takwas shi ke faɗa maka abin da ta bar wa jikokinta.

Injiniya_Eko
Bari in sa baki kan na'urar, don a nan ake yawan kuskure. Ba kowace na'urar sikanin ce za ta yi ba. Wadda ake duba cikin akuya ko saniya da ita, kanta mai faɗi ne, ba ya shiga tsakanin haƙarƙarin kyanwa, kuma ba ta da saurin kama hoto. Zuciyar kyanwa a asibiti tana bugawa 160 zuwa 220 a minti ɗaya. Ana buƙatar ƙaramin kai irin na duba zuciyar jarirai, mai ƙarfi kamar megahaz 7 zuwa 12.

Ana kwantar da ita a gefenta na dama, a duba daga ƙasa. Sifinkis ba ta buƙatar aski, man shafawa kawai, amma a ɗumama shi a kuma shimfiɗa mata tawul. Ana auna bango a ƙarshen sakin zuciya, lokacin da ɗaki ya cika, ba lokacin matsawa ba. Ƙasa da milimita 5 lafiya ne. Milimita 6 ko fiye a kowane ɓangare na bango, HCM ne idan an kore sauran dalilai. Tsakanin 5 da 6 shakku ne, a sake bayan wata shida zuwa shekara.

Kurakuran da suka fi yawa guda uku. Na ɗaya, a yanka hoton a karkace, bango ya fito da kaurin da ba nasa ba. Na biyu, a haɗa da tsokar da ke riƙe ƙyaure ko wata igiyar nama da ke manne da bango. Na uku, a auna wuri ɗaya tak, alhali kaurin yakan tsaya a lungu guda, musamman saman bangon tsakiya kusa da mafitar jini. Sannan dole a auna ɗakin sama na hagu a gwada da faɗin babbar jijiya. Idan ya wuce ninki 1.6 ya fara buɗewa. Takardar da ba ta da waɗannan lambobin, sai kalmar lafiya kawai, ba rahoton eko ba ce.

Likitan_Mando
Ƙari kan "idan an kore sauran dalilai" da Injiniya ya faɗa. Hawan jini yana sa bango kauri, a auna, idan na sama ya tsaya a 160 ko fiye a bi wannan tukuna, a duba ƙoda. Kyanwar da ta wuce shekara shida a gwada mata sinadarin ƙullun maƙogwaro, T4. Sai ƙishirwa. Wannan ya shafe mu sosai. Kyanwar da aka ɗauko cikin zafin Maris ko Afrilu, ta yi awa biyu a mota ba ta sha ruwa ba, ɗakin zuciyarta zai tsuke bangon ya fito kamar ya yi kauri. A tashi da sassafe, a bar ta ta huta ta sha ruwa kafin a duba.

Alhaji Mai_Kiwo, kan tambayarka, Zariya kilomita 80 ce kacal, kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru. Abuja ma ga ta nan. Kafin ka ɗauki dabba ka buga waya ka yi tambaya biyu: kuna da ƙaramin kan duba zuciya, kuma wa zai yi awon? Idan akwai na'ura amma mai dubawar bai saba da kyanwa ba, ya ɗauki bidiyon kowane ɓangare ya adana, a tura wa ƙwararren likitan zuciyar dabbobi ta intanet ya karanta. Ana yin haka a ƙasashe da yawa.

Ummu_Khalil
Ni dai tausayi suke ba ni da hunturu. Yaya suke yi a Disamba da Janairu?

Anti_Rabi_UnguwarRimi
'Yar uwa, riga ake sa musu ta auduga mai laushi, da bargo a wurin kwana, a rufe taga da daddare. Kada a sa buta ko gorar ruwan zafi kai tsaye a jikinsu, fatar tana ƙonewa da wuri. Rana kuma ta fi sanyi haɗari, ba a barin su a tsakar gida da hantsi zuwa la'asar. Maiƙon da gashi ya kamata ya shanye a kan fata yake zama, ƙurar hunturu ta manne a kai, sai wanka duk sati ɗaya ko biyu da ruwan ɗumi da sabulun kyanwa marar turare, a tsane ta nan take. A goge kunne da tsakanin farata, nan baƙin datti yake taruwa. Suna cin abinci fiye da mai gashi saboda zafin jiki da suke zubarwa.

Sadiq_Kawo
Na ji an ce rashin wani sinadari a abinci ne ke kawo ciwon zuciyar. Idan an gyara abinci ba shi ke nan ba?

Dr_Zee_Samaru
Wancan daban ne Sadiq. Rashin sinadarin da ake kira taurine yana kawo ciwon da zuciya ke saki ta buɗe bangonta ya yi siriri, kishiyar wannan ke nan. A 1987 aka gano haka, daga nan kamfanonin abincin kyanwa suka ƙara shi ciwon ya ragu ƙwarai. A nan har yanzu yana iya faruwa ga kyanwar da ake ba tuwo da shinkafa da ɗan romo, ko abincin kare. Sinadarin taurine yana cikin nama, musamman zuciya da cinyar kaza, kuma yana narkewa cikin ruwan dahuwa, don haka kada a zubar da romon. Wancan ana gyara shi da abinci. HCM abinci ba ya kawo shi, ba ya kuma warkar da shi.

Malam_TudunWada
Tun da maganar saye da sayarwa ake, akwai hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito kan hana kuɗin kare da kyanwa. Wasu malamai sun ɗauke shi a kan zahirinsa, mafi yawa kuma, har da Malikiyya, sun halatta cinikin kyanwa. Wannan saɓani ne sananne, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da babu saɓani a kansa shi ne ɓoye aibi. Wanda ya san muzurunsa ya mutu farat ɗaya yana shekara uku, ko ɗiyar da ya sayar bara ta shanye, ya yi shiru ya sayar da ƙannenta, ya ha'inci mai saye, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa. Sannan ita dabbar da za ta sha azabar tana da haƙƙi a kanmu.

Mai_Kiwo_Barnawa
Malam wannan gaskiya ce, ban ja ba. To likitoci ku faɗa mini a fili. Mutum yana da mace ɗaya da muzuru ɗaya, yana so ya yi abin daidai. Me zai yi, daki-daki?

Likitan_Mando
Madalla Alhaji. Da farko kada a haɗa su kafin shekara ɗaya ta cika, shekara ɗaya da rabi ya fi, musamman ga muzuru, don ciwon ya fi yawa a maza kuma ya fi saurin fito musu. Kafin barbarar farko a yi wa kowannensu eko, a rubuta lambar ɗan maɓallin shaida da ke ƙarƙashin fatarsa a kan rahoton, a karanta lambar da na'ura a gaban mai dubawa. In babu wannan, rahoton kyanwa ɗaya zai iya yawo a kan goma.

Daga nan muzuru kowace shekara, mace kuma kafin kowane ciki idan rahotonta ya kai shekara. Ba a duba mace tana da ciki ko tana shayarwa, jini yana ƙaruwa a lokacin awon ya ruɗe. Wanda ya kai milimita 6 a dandaƙe shi ko a cire mata mahaifa, a sanar da duk wanda ya sayi 'ya'yansu. Wanda ke cikin shakku a dakatar da shi har awo na gaba.

Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne. Kada ta wuce haihuwa uku cikin shekara biyu. 'Ya'ya kada su bar uwa kafin sati 12, bayan rigakafi biyu. A gwada rukunin jini, don ana samun rukunin B a Sifinkis. Idan uwa B ce uba A, nonon farko yana fasa jinin 'ya'yan da suka ɗauko A, ka ga fitsari ja, su mutu cikin kwana biyu ko uku. Maganinsa a hana su nonon uwar awa 24 na farko a ba su madarar 'ya'yan kyanwa.

Sai littafi. Duk ɗiyar da ta fita a rubuta inda ta je, a riƙa tambayar lafiyarta. Wadda ta mutu ba zato a roƙi mai ita a kai gawar a buɗe a auna zuciyar, a saka ta a firij ba firiza ba, a kai cikin kwana ɗaya.

Dr_Zee_Samaru
Akwai abin da Likita bai taɓo ba, kuma shi ya fi damuna da kiwon mace ɗaya muzuru ɗaya. Bayan haihuwar farko wa za a haɗa da wa? Uba da 'ya, ko wa da ƙanwa, kashi 25 cikin 100 ke nan na haɗin jini ɗaya a zuriya guda. Waɗanda suka haɗa uba kawai ko uwa kawai, 12.5. Ita kuwa wannan kyanwar tun asali daga tsiraru ta fito. A Toronto ta Kanada aka haifi na farko a 1966, sannan wasu 'yan kaɗan a Minnesota da Toronto a shekarun 1970, aka kai wasu ƙasar Holan aka haɗa da wani irin kyanwa mai suna Devon Rex. Tushen dama ƙunci gare shi. Idan 'yan ƙalilan da ke Najeriya suka riƙa zagayawa a junansu, duk abin da ke ɓoye zai fito fili.

Baba_Rigasa
To me zai hana a haɗa da namu na gida? Magenmu ƙarfi gare su, ba sa ciwo.

Dr_Zee_Samaru
Baba, tunanin yana da tushe, can ma sun yi amfani da kyanwar gida mai gajeren gashi don faɗaɗa jini. Ga yadda lissafin yake. Rashin gashin Sifinkis daga ƙwayar KRT71 yake, kuma sai ɗiya ta gada daga uwa da uba duka yake fitowa. Haihuwar farko da kyanwar gida duk za su fito da gashi. Idan aka mayar da ɗaya daga cikinsu ga wani Sifinkis da ba danginta ba, kusan rabi za su fito ba gashi. Idan aka haɗa masu gashin biyu, ɗaya cikin huɗu. Ka ga za a tara 'ya'ya masu gashi da yawa, dole a san gidan da za su je tun kafin a fara.

Amma cewa namu ba sa ciwo, a'a Baba. Lissafin 15 cikin 100 da Likita ya kawo a kan kyanwowin gida aka yi shi. Namu ba a duba su ne, idan ɗaya ta mutu a ce guba ta ci. Ita ma ta gidan sai an yi mata eko, kuma gara wadda ta manyanta, shekara biyar ko fiye, zuciyarta tana nan lafiya.

A kula kuma, ba kowace marar gashi ce Sifinkis ba. Akwai Donskoy ta Rasha da Peterbald, nasu rashin gashin daga iyaye ɗaya ma yana fitowa. Ba a haɗa su da Sifinkis.

Ummu_Khalil
Ni a ganina a daina kiwon su kwata-kwata. Dabbar da ba ta da gashin baki, ba ta iya zama a rana ba ta iya zama a sanyi, ga kuma zuciya. Holan ma ta hana mallakar sababbi daga farkon 2026.

Anti_Rabi_UnguwarRimi
Ummu Khalil, dalilin Holan rashin gashin ne kansa, ba zuciyar ba, kuma sun bar waɗanda ake da su tun kafin dokar. Ina ganin hujjarki. Amma waɗanda suka riga suka shigo gidajen mutane a nan fa? Su ne abin magana yanzu. Likita a koya wa masu su abin da za su lura da shi.

Likitan_Mando
Ƙirgen numfashi, kuma kyauta ne. Idan ta yi barci mai nauyi, a kalli ƙirjinta, tashi da sauka ɗaya ke nan. A ƙirga na daƙiƙa 30 a ninka biyu. Ƙasa da 30 a minti shi ne daidai. Ba a ƙirgawa tana gurnanin jin daɗi ko tana mafarki, kuma lokacin zafi a yi da asuba. A rubuta sau biyu ko uku a sati. Idan ya tsaya sama da 30 a ga likita a ranar, idan ya kai 40 kada a jira. Kada a jira tari, kyanwa mai ciwon zuciya ba kasafai take tari ba, wannan na kare ne. Kyanwar da ta buɗe baki tana haki, ta miƙe wuya ta ƙi kwanciya, dasashinta ya yi fari ko shuɗi, ta gaggawa ce. Kada a ɗura mata ruwa, kada a matse ta a ƙirji, a sa ta a kwando mai iska a tafi. A asibiti ma iskar oksijin da allurar fitar da ruwa ake fara yi, ba a danne ta don ɗaukar hoto.

Gudan jini kuwa, kwatsam za ta fara kuka tana jan ƙafafun baya, ƙafar ta yi sanyi, tafin ya yi fari ko shuɗi, tsokar ta yi tauri. Mutane sukan ce faɗowa ta yi ko an buge ta, a nemi mai ɗori. Ba karaya ba ce. Kada a murza, kada a gasa. Ciwon yana da tsanani ƙwarai, maganin zafi mai ƙarfi na asibiti take buƙata nan take.

Famasis_Kabala
Don Allah a ji wannan: kada a ba kyanwa Panadol ko wani farasitamol, ko ɓari ne, ko na yara ne. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, yana lalata jini ya kashe ta.

Magungunan zuciyar ma ba na kai da kai ba ne. Idan ɗakin sama ya buɗe sosai likita yakan rubuta clopidogrel, wanda aka fi sani da Plavix, ƙwayar miligiram 75 a raba huɗu, 18.75 sau ɗaya a rana. Bincike ya nuna ya fi asfirin hana gudan jini dawowa. Ɗaci gare shi sosai, tana tauna shi za ta yi ta zubar da yawu ta ƙi yarda gobe, don haka a sa ɓarin cikin kafso marar komai a bi da ɗan ruwa ko abinci. Lasix kuma, wato maganin fitar da ruwa, sai ruwa ya taru ake farawa, miligiram 1 zuwa 2 kan kowane kilo. Kyanwa mai kilo 4 ke nan 4 zuwa 8, alhali ƙwayar da ta fi yawa a kantuna 40 ce. Wanda ya ba da rabi ya ninka mata fiye da sau biyu, ga zafin garinmu, sai ƙoda ta tsaya. A gwada ƙoda cikin sati ɗaya ko biyu da farawa.

Dr_Zee_Samaru
Ƙari biyu ga abokan aiki. Sifinkis tana yawan ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma allurar sitiroyid mai daɗewa a jiki tana iya tura kyanwa mai ɓoyayyen HCM cikin ruwan huhu a 'yan kwanaki. Haka ƙarin ruwa da yawa ta jijiya. Allurar barci ta ketamin da zailazin da aka saba da ita wajen dandaƙa ma ba ta dace da irin wannan zuciyar ba. In eko bai samu ba kafin aiki, a yi gwajin jini na NT-proBNP, yana kama ciwon da ya yi nisa ko da yake yana tsallake mai sauƙi, don haka ba a tantance dabbar kiwo da shi. A Amurka an ba da izini na sharaɗi a 2025 ga wani magani, sirolimus, don rage kaurin kafin alamu su fito. Bai canza komai a ƙa'idar kiwo ba, wadda ke shan sa har yanzu tana gadar wa 'ya'yanta.

Maman_Hanifa_Malali
Allah ya saka da alheri. Ke nan abin da mai saye zai nema rahoton eko na uwa da uba wanda bai wuce shekara ba, mai lambobi da lambar shaida, da labarin kakanni. To idan mai sayarwa ya ce zai yi wa ita ɗiyar eko kafin a ɗauka fa?

Injiniya_Eko
Yana da amfani don ciwon haihuwa kawai Hajiya, kamar yadda Dr Zee ta faɗa a sama. Ɗiya 'yar wata uku bangonta zai fito lafiya ko da za ta kamu a shekara uku. Shekarun iyayen a ranar awo sun fi komai. Rahoton muzuru ɗan shekara shida ya fi na ɗan shekara ɗaya nauyi nesa ba kusa ba.

Mai_Kiwo_Barnawa
Har yanzu ina ganin idan aka bi wannan duka babu wanda zai iya kiwon a Kaduna sai mutum ɗaya ko biyu. Amma bari in tambaya. Muzuru ɗan shekara biyu, awo ya nuna 5.5, ɗakin sama lafiya, yana cin abinci yana wasa. A dandaƙe shi?

Likitan_Mando
Kilo nawa ne? Kaurin bango yana tafiya da nauyin jiki. 5.5 a ƙaton muzuru mai kilo 6 zai iya zama nasa na halitta, a mai kilo 3 da rabi kuwa abin zargi ne sosai. Kada a dandaƙe shi yanzu, kada kuma a ba shi mace. A auna hawan jininsa, a tabbatar ya sha ruwa, a sake eko bayan wata shida a wurin mutumin da ya yi na farko da na'urar da aka yi na farko, a auna daidai lungun da aka samu 5.5 ɗin. Kafin lokacin a nemi wanda ya sayar da shi a tambayi ubansa da 'yan uwansa na ciki ɗaya, suna raye ko a'a, kuma yaushe aka duba su na ƙarshe.